Sunayen Giyar Inabi a Kan Tsingaro: Daga Gibeyon Zuwa Ashkelon

Abin da ya fitar da mu daga gida zuwa ƙasar Isra'ila da Yammacin Kogin Jodan bai wuce wasu 'yan kalmomi ba, waɗanda suka daɗe suna ci wa masu fassara tuwo a ƙwarya. Ni ɗalibin Larabci ne da sauran harsunan da suke dangi ɗaya da shi, Musulmi ne kuma ba na shan giya. Abokin tafiyata kuwa, wanda nake kira Baba, dattijo ne Kirista wanda ya shafe mafi yawan rayuwarsa yana aikin fassarar Tsohon Alkawari, kuma shi ne ya fara nuna mini girman matsalar. A Hausa muna cewa ruwan inabi, in ana nufin mai bugarwa mu ce giya ko barasa, shi ke nan. Ibraniyawan dā kuwa suna da yayin, wadda ta zo wajen sau 140 a cikin littafin, suna da tirosh mai zuwa sau 38, ga shekar, ga asis, ga hemer, ga homes, kowace da mazauninta. Ƙamus yana ba da ma'anarsu, amma mafi yawan hujjarsa daga waƙoƙi ne da wa'azin annabawa, inda ake jera kalma da 'yar uwarta domin zance ya yi armashi, ba domin a bambanta abin da ke cikin wannan tulu da na wancan ba.

"Malam," in ji shi tun kafin mu tashi, "mawaƙi yana zaɓen kalmar da za ta zauna masa a baiti, amma mai tsaron rumbu abin da ke cikin tulu yake rubutawa, domin in lissafi bai cika ba shi za a kama." Wannan magana ce ta tsara mana hanya. Muka ƙudurta bin wuraren da masu tonon kufai suka samo rubutun ma'aikatan rumbunan sarakunan Isra'ila da Yahuza, daga ƙarni na 8 zuwa na 6 kafin haihuwar Annabi Isa. Takardar wancan zamani ta karan fafaras ce, wani tsiron bakin ruwa, kuma damshin ƙasar ya cinye kusan dukkanta. Abin da ya tsira shi ne rubutun da aka yi da tawada a kan tsingaron fasasshiyar tukunya, ko aka karce a jikin tulu. Rubutun babbaƙu ne zalla, babu wasali, kuma daga nan rabin gardamar masana ta samo asali.

Mun fara da ƙauyen Al-Jib, 'yan kilomitoci arewa maso yamma da Birnin Ƙudus. A taswira kusa yake, amma katangar da ta raba yankin da shingayen bincike sun sa sai an yi dogon zagaye. Tudun kufan yana kudu da tsohon ƙauyen, cikin gonakin zaitun da inabi, babu ƙofa, babu mai sayar da tikiti. Wani dattijo manomi ne ya nuna mana hanya har bakin babban ramin da aka sassaƙa cikin dutse, mai faɗin sama da mita 11, wanda matakala 79 suke kewaya jikinsa suna gangarawa ƙasa. A cikin ƙasar da ta cike wannan rami James Pritchard na Jami'ar Pennsylvania, wanda ya yi tono a nan daga 1956 zuwa 1962, ya samo hannayen tuluna fiye da hamsin masu rubutu, tare da marufan yumɓu da mazurari. Sunan da ya fi yawa a kansu shi ne Gibeyon, abin da ya tabbatar da cewa Al-Jib ita ce garin da littafin Joshuwa ya ambata. Kusa da ramin kuma ya tono ramukan ajiya 63, kowanne mai ƙaramin baki da faffaɗan ciki, zurfinsa wajen mita biyu, inda sanyi yake tsayawa a kan maki 18 ko da rana tana ƙuna a waje. Na durƙusa a bakin ɗaya na zura hannu, na ji iska mai sanyi tana taɓa yatsuna, alhali gumi yana zuba a bayana. Pritchard ya ƙiyasta cewa ramukan za su ɗauki tulunan da jimillarsu ta kai lita 95,000.

Bayan sunan garin, yawancin hannayen suna ɗauke da haruffa uku, gdr, sannan sunan mutum irin su Amaryahu ko Azaryahu ko Hananyahu. Pritchard ya fassara kalmar da gonar inabi mai shinge, kuma mai jin Larabci zai tuna jidar, wato bango. Annabi Ishaya ma, a waƙar gonar inabi ta sura ta 5, ya yi maganar rushe gader ɗinta. Sai dai a tsohon rubutun harafin r da na d kamarsu ɗaya, bambancinsu tsawon ƙafa ne kawai, don haka wasu suka karanta gdd. Wasu kuma suka buɗe littafin Tarihi na farko, sura ta 9, suka ga Gedor da Ner a jerin zuriyar mutanen Gibeyon, ga shi kuma wani suna mai kama da Ner ya zo a kan hannayen. A ganina wannan hujja ta ƙarshe ta fi nauyi, domin mai aika tulu wani gari yana bukatar a san gidan da ya fito, ba a san cewa gonarsa tana da shinge ba, tunda kowace gona tana da shi.

Daga nan muka yi arewa zuwa Sabastiya, kusa da Nablus, inda tsohuwar Samariya take. Mun yi sallar azahar, ni da direbanmu, a masallacin Annabi Yahaya da ke cikin ƙauyen, wanda aka gina a cikin ragowar babbar majami'ar zamanin yaƙin 'yan Salibiyya, Baba kuwa ya zauna a inuwa yana duba takardunsa. Sannan muka hau tudun ta gefen ginshiƙan Rumawa har ƙololuwa, inda harsashin fadar gidan Omri yake. A yammacin fadar akwai layukan ƙananan ɗakuna waɗanda ba su wuce gwiwa ba a yau. A nan ne a 1910 tawagar Jami'ar Harvard, ƙarƙashin George Reisner, ta samo tsingaro sama da ɗari masu rubutun tawada, waɗanda wajen sittin daga cikinsu suke karantuwa. Ƙasar tana hannun Daular Usmaniyya a lokacin, shi ya sa yau suna gidan tarihi na Istanbul. Mu dai kwafin zanensu muka buɗe a kan dutse, muka danne gefensa da tsakuwa saboda iska.

Jimlolin gajeru ne, kuma kusan salonsu ɗaya. Ɗaya yana cewa: a shekara ta tara, daga Kosa, ga Gaddiyaw, nebel na yn yshn. Ba a faɗi sunan sarkin da ake ƙirga shekarunsa ba, amma yawancin masana suna kai su rabin farko na ƙarni na 8, zamanin Yerobowam na biyu ko mahaifinsa. Abu na farko da ya ja hankalina shi ne rubutun kalmar giyar kanta. A Yahuza ana rubuta ta yyn, da y biyu, a nan kuwa yn ce, alamar cewa mutanen arewa yen suke furtawa. Sunayensu ma suna ƙarewa da yaw, inda na kudu suke ƙarewa da yahu. Littafin da ya iso gare mu ta hannun marubutan kudu ya biyo, sun kuma daidaita shi da bakinsu, saboda haka waɗannan guntayen tukwane suna cikin 'yan shaidun da suka rage na yadda Ibranancin arewa yake. Nebel kuma, wadda masu fassara da yawa suka mayar salka, a nan ta fi kama da tulun yumɓu mai sanannen awo, tunda da ita ake ƙirga giya da mai duka, kuma a littafin Makoki an kwatanta mutane da nebel na yumɓu, aikin hannun maginin tukwane.

Yshn ana karanta ta yashan, wato tsoho, kuma babu mai musun wannan. Tambayar ita ce tsufan shekara nawa. Baba ya nuna mini wani wuri a Mishna, littafin shari'ar malaman Yahudawa da aka tattara wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa, a babin ciniki, inda aka yanke cewa in mutum ya sayar da giya da sunan yashan, ta bara ake nufi, in kuwa ya ce meyushan, to ta shekara uku ce. Tsakanin Mishna da tsingaron Samariya akwai kusan shekara dubu, kuma kalma tana iya sauya riga a ƙasa da haka. Duk da haka na karkata ga wannan ma'ana, domin littafin Firistoci ya yi amfani da yashan ga hatsin bara da ake fitarwa daga rumbu don a zuba sabo, kuma tulun yumɓu mai marufin laka a ƙasa mai zafi ba ya riƙe giya shekaru da yawa ba ta yi tsami ba. Wadda ta kai shekara ba ta lalace ba ta isa a kai ta fada. Tare da ita ana ambaton shemen rahus, a zahiri wankakken mai, wanda ake ganin man zaitun ne na matsar farko da ake kwalfewa daga saman ruwa. Annabi Amos, wanda ya yi wa'azi a zamanin Yerobowam na biyu, ya zargi manyan Samariya da shan giya a manyan kwanuka da shafa mai mafi kyau, alhali ba su damu da halakar jama'arsu ba. Mutum yana tsaye a ɗakin da aka rubuta shigowar giyar da man, daga ƙauyukan zuriyar Manassa irin su Abiyezer da Helek da Shemida da Hogla, sai wa'azin ya daina zama salon magana, ya koma bayanin kayan da jakuna suke hawowa da su wannan tudu.

Akwai wata gardama da ba ta ƙare ba a kan harafin l da ke gaban sunayen mutane, wanda yake iya nufin "ga wane" ko "na wane". Yigael Yadin ya ce masu kayan ne da suka aiko haraji, Anson Rainey kuwa ya ce fadawa ne da suke zaune a birni suna karɓar amfanin gonakinsu na ƙauye. Ganin yadda mutum ɗaya yake bayyana da kaya daga ƙauyuka daban-daban, maganar Rainey ta fi shiga hankalina.

Muka juya kudu zuwa Lakish, a tsaunukan da ke gangarawa bakin teku. Gonakin inabi sun kewaye tudun har gindinsa, domin yankin ya shahara da inabin ci har yau. Mun hau ta gefen tulin duwatsun da sojojin Sennakerib na Assuriya suka jibga a shekara ta 701 kafin haihuwar Annabi Isa don su kai ga ganuwa, muka shiga ta ƙofar da aka samo shahararrun wasiƙun Lakish a 1935. Abin da ya kawo mu kuwa ya fito ne daga tonon David Ussishkin na Jami'ar Tel Aviv, wanda aka fara a 1973. A cikin tokar gobarar da Babilawa suka ƙone garin da ita wajen shekara ta 586 aka samo tukwane masu rubutu. Ɗaya yana cewa mz smkm shhrt, wato matsattsen ruwan baƙin zabibi, abin da ya nuna suna shanya inabi kafin su matse shi don ya ƙara zaƙi, kuma suna bambanta baƙi da wanda ba baƙi ba. Wani kuma yana cewa yyn ashn, harafin farko na kalma ta biyu aini ne.

Ashan a Ibrananci hayaƙi ne. Mishna, a babin hadayun gari, ta hana kawo giya mai zaƙi ko mai hayaƙi ko dafaffiya wurin bagade, Rumawa ma an san suna ajiye tuluna a ɗakin hayaƙi don giya ta yi saurin nuna. Da wannan, fassarar "giya mai hayaƙi" ta samu gindin zama. To amma Ashan sunan gari ne kuma, wanda littafin Joshuwa ya lissafa tare da Libna a wannan yanki na Yahuza. Mutanen dā suna kiran giya da sunan inda ta fito: Ezekiyel ya ambaci giyar Helbon da ake kawowa daga wajen Dimashƙu, Yusha'u ya ambaci ta Lebanon, tsingaron Samariya ma sun ambaci giyar Kerem Hattel. Kamar yadda muke cewa goron Gwanja ne, wanda in bayan shekara dubu biyu wani ya tsinci kalmar a jikin buhu, zai iya ɗauka Gwanja launi ne ko ɗanɗano. Baba ya tsaya a kan hayaƙi, ni na fi ganin gari, domin da hayaƙi ake nufi da an sa ran siffar aikatau irin meushan ta Mishna, ba tsurar sunan hayaƙi ba. Muka sauko ba wanda ya ja ɗan'uwansa.

Irin wannan taƙaddama ta taso a kan wata butar yumɓu da Nahman Avigad ya wallafa a 1972, mai rubutun "na Yahzeyahu, yyn khl". Avigad ya ce sunan wuri ne, ya danganta shi da ƙauyen Bait Kahil kusa da Hebron. Aaron Demsky ya amsa masa a shekarar cewa giya ce mai duhun launi, daga tushen da ya ba Larabci kuhul, wato kwallin da ake sa wa ido, wanda Ezekiyel ma ya yi amfani da aikatau ɗinsa ga mace mai ado. Abin baƙin ciki shi ne butar ba daga tonon masana ta fito ba, ta hannun dillalan kayan tarihi ta biyo. Da an san ɗakin da take, da abin da ke kewaye da ita, da nisanta da Bait Kahil, da an sami abin auna maganganun biyu. Masu haƙar kaburbura da dare suna sayar da tukunya, amma abin da suke lalatawa shi ne shaidar da za ta fassara rubutun da ke jikinta, kuma wannan ba ya dawowa.

Wurin da muka fi daɗewa shi ne Arad, gabas da Biyasheba, a bakin hamadar Negeb. Sansanin ƙarami ne, wajen mita 50 kowane gefe, a kan tudun da yake kallon fili fetal har tsaunukan Edom. Iska tana kaɗawa da ƙura, tumakin Badawiyyai suna kiwo a ƙasa. Yohanan Aharoni ya yi tono a nan a shekarun 1960, kuma a wani ɗaki da ke jikin ganuwar kudu ya samo tarin wasiƙu zuwa ga wani Eliyashib ɗan Eshyahu, ya kuma samo hatimansa a sansanin. Shi ne mai kula da rumbun sansanin wajen shekara ta 600, gab da faɗuwar Yahuza. Na tsaya a cikin ɗakin, faɗinsa bai wuce 'yan taku ba, na buɗe wasiƙa ta farko. An umarce shi ya ba Kittiyawa giya bat uku, ya rubuta sunan ranar, ya ɗora musu gari daga ragowar garin farko don a yi musu gurasa, sannan aka rufe da cewa daga giyar agganot zai bayar. Kittiyawa sunansu daga Kitiyon ta tsibirin Kubrus yake, kuma ana ganin sojojin haya ne, Girkawa ko mutanen tsibirin, da sarkin Yahuza ya ɗauka don tsaron iyaka. Bat awon ruwa ne da ake ƙiyasta shi da lita ashirin da 'yan kai. Marubucin bai rubuta kalmar duka ba, harafin b kawai ya sa da ɗan karkataccen layi, lambobin kuma na marubutan Masar ya ara.

Aggan, tilon agganot, babban kwano ne mai faɗin baki. A littafin Fitowa a cikin irinsa Annabi Musa ya zuba jinin hadaya, a Waƙar Waƙoƙi kuma an ambace shi tare da gaurayayyiyar giya. Giyar agganot ke nan tana iya zama wadda ake gaurayawa a kwano kafin sha, ko wadda aka riga aka buɗe aka juye, wadda dole a fara rabar da ita kafin ta lalace. Wasu sun ce Agganot sunan wuri ne. Ni na lura cewa a wannan wasiƙa an ce a ɗebi gari daga ragowar na farko, wato a fara da tsohon kaya, don haka umarnin giyar ma ya fi dacewa ya bi wannan tunani na mai tattalin rumbu.

Wasiƙa ta biyu ita ce ta fi ba mu aiki, muka zauna a inuwar bangon ɗakin ibadar sansanin muna jujjuya ta. An ce a ba Kittiyawa giya bat biyu na kwana huɗu, da gurasa 300, sannan ga wasu kalmomi, ml hhmr yyn, a aika gobe, kada a makara, in kuma akwai sauran homes a ba su. Haruffan hmr suna iya zama homer, babban awo mai cin bat goma bisa lissafin Ezekiyel. Suna iya zama hamor, jaki, kuma asalin awon ma kayan jaki guda ne. Suna kuma iya zama hemer, giya mai tsimuwa tana kumfa, wadda ta zo a waƙar Annabi Musa ta Maimaitawar Shari'a sura ta 32. A nan Larabci ya yi mini rana. Jaki himar ne, da harafin da a makarantar allo ake kira ha ƙarami, giya kuwa khamr ce, da ha mai ruwa. Larabci ya raba sautukan biyu da ɗigo, Ibrananci kuwa harafi ɗaya yake rubuta su da shi, don haka kalmomin da asalinsu daban suka haɗu a ido. Eliyashib bai ruɗe ba, domin ya san abin da ke rumbunsa da jakunan da ke ɗaure a ƙofa. Aharoni ya karanta cikakken homer na giya. Wanda ya tsaya a Arad ya dubi ƙanƙantar wurin zai yi mamakin a ba mutanen da aka auna wa bat biyu ƙarin bat goma a layi na gaba, sai dai in wata tawaga ake aika wa. Wannan ne ya sa wasu suka zaɓi hemer, wato a cika tuluna da sabuwar giya mai tsimuwa.

Homes ba ta da wannan wahala. Tushenta ɗaya da hamid na Larabci, mai tsami, kuma ita ce giyar da ta wuce lokacinta. Ba zubar da ita ake yi ba. A littafin Rut, Bo'aza ya kira Rut ta tsoma gurasarta a homes tare da masu girbi, sojojin Ruma ma daga baya ruwa da tsamin inabi suke sha a hanya. Wasiƙar Arad ta tabbatar da cewa abincin talaka da soja ce da ake ajiyewa a rumbun sarki ana lissafinta.

A hanyar komawa Ƙudus Baba ya jawo hankalina ga kalmar da ba mu gamu da ita ba. A duk tsingaron Samariya da wasiƙun Eliyashib da muka karanta babu tirosh ko sau ɗaya. A littafin kuwa tana yawan zuwa cikin jerin hatsi da tirosh da mai, a wajen maganar albarkar gona. A ƙarni na 19 masu yaƙi da shan giya a Amurka da Ingila sun dage cewa tirosh ruwan inabi ne marar bugarwa, amma Yusha'u sura ta 4 ta ce yayin da tirosh suna ɗauke hankali, kuma ba tare da firji ba ruwan inabi yana fara tsimuwa cikin 'yan kwanaki. Kalmar tsohuwa ce, tana cikin allunan Ugarit na bakin tekun Siriya tun kafin sarakunan Isra'ila. Rashinta a takardun rumbu yana nuna cewa kalmar manomi ce da mawaƙi, ta amfanin shekara yayin da yake fitowa daga wurin matsa, kuma da zarar an zuba a tulu an rufe an rubuta, sai ya zama yayin. "Baba," na ce masa, "ashe 'sabon ruwan inabi' da kuka sa bai yi nisa ba." Ya ce bai yi ba, muddin mai karatu bai ɗauka irin na kwalin kanti ba ne.

A Gidan Tarihi na Isra'ila da ke Ƙudus muka ga wasu daga tsingaron Arad da idonmu. Ba su wuce tafin hannu ba, tawadar ta koɗe ta koma ruwan ƙasa, kuma sai na kusan manna goshi da gilashi kafin na rarrabe harafin y biyu na yyn. Ɗaya daga wasiƙun, mai lamba 16, ta yi kusan shekara hamsin ana nuna ta a nan kowa yana ɗauka bayanta fili ne. A 2017 masu bincike na Jami'ar Tel Aviv suka ɗauki hotonta da kyamarar da ke kama hasken da ido ba ya gani, sai ga layuka uku a bayan, kuma abin da suka fara da shi roƙo ne daga Hananyahu ga Eliyashib cewa in akwai giya a aiko. Hoton ya kuma ƙara kalmomi a gaban da aka daɗe ana karantawa. Tawadar irin waɗannan tsingaro tana dushewa bayan an fitar da su daga ƙasa, shi ya sa masu binciken suka ba da shawarar a riƙa ɗaukar hoton gaba da baya tun a filin tono.

Zangonmu na ƙarshe Ashkelon ne, birnin Filistiyawa a bakin Bahar Rum, wanda Nebukadnezzar ya ƙone a shekara ta 604. Tawagar Lawrence Stager ta tono kasuwa da gidan matsar inabi a ƙarƙashin tokar wannan gobara, ta kuma samo tsingaro mai ambaton yn adm, jar giya, da shkr. Harshen ba Ibrananci ba ne tsantsa, maƙwabcinsa ne na kusa, amma kalmar ita ce shekar ta littafin, wadda ake haɗawa da yayin a wajen hana firist da mai wa'adin keɓewa sha. Duk mai karatun Alƙur'ani ya san 'yar uwarta, sakar, a Suratun Nahli aya ta 67, inda aka ce ana samun ta daga 'ya'yan dabino da inabi. A Akadiyanci na ƙasar Babila kuwa shikaru giyar sha'ir ce, daga baya kuma ta dabino. Masu cewa shekar giyar hatsi ce da wannan suke kafa hujja, Stager kuwa, ganin an ambace ta tare da jar giya a garin da sana'arsa inabi ce, ya ce daga inabi ake yin ta. Littafin Ƙidaya yana taimaka masa ta wani gefe, domin a sura ta 28 an ce a zuba shekar hadaya a wuri mai tsarki, alhali a sauran wurare hadayar zubawa ta inabi ce. Abin da tsingaron ya tabbatar shi ne cewa ɗan kasuwar Ashkelon yana ƙirga yn da shkr a matsayin kaya biyu daban, kowanne da lissafinsa, don haka mai fassara ba shi da damar haɗe su a kalma ɗaya. Baba ya rubuta a gefen takardarsa cewa zai bar ruwan inabi ga yayin, ya ba shekar kalmar da ke nuna abin sha mai bugarwa ba tare da ta ɗaure shi da hatsi ko dabino ko inabi ba, sannan muka gangara wajen motar don mu kama hanyar filin jirgi kafin cunkoson yamma.